Ƙungiyoyin 'yan gida a jami'a: a bar su, amma a nesanta su da akwatin zaɓe

A makon farko na kowace shekarar karatu, akwai wani aiki da ake yi a jami'a wanda ba ya cikin kasafin kuɗin kowa. Sabon ɗalibi ya iso da jaka da tarin takardu. Bai san ofishin da zai fara shiga ba, bai kuma san takardar da aka ba shi da safe sai an buga mata hatimi a wani gini can ƙarshen haraba kafin sashensa ya karɓa ba. Yana tsaye yana raba ido, sai ya ji wani yana waya da harshensu. Ya matsa ya gaishe shi. Kafin yamma an raka shi ya gama rajista, an samo masa inda zai raɓa kafin ya sami ɗaki, an miƙa masa tambayoyin jarrabawar bara, har an ja masa kunne game da malamin da ba a shiga ajinsa a makare.

Wanda ya yi masa wannan hidima, sau da yawa ɗan wata ƙungiya ne ta ɗaliban yankinsu, ko ƙabilarsu, ko masu harshensu. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna shan suka. Ana cewa an zo jami'a ne don a cuɗanya da duniya, su kuwa sai su mayar da yaro cikin mutanen da ya baro. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta saɓa saiti. Ni a ganina, zaman 'yan gida da 'yan gida ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana farawa ne ranar da ƙungiyar ta gano cewa yawan mambobinta ƙuri'a ne.

Abin ba sabo ba ne, kusan tare aka haife shi da jami'a. A ƙarni na 13, ɗaliban jami'ar Paris sun kasu gida huɗu gwargwadon inda suka fito: Faransawa, mutanen Normandi, mutanen Pikardi, da rukunin Ingilishi wanda ya haɗa har da Jamusawa. Baƙi ne a birnin da dokarsa ba ta kare su sosai, don haka kowane rukuni shi ke kula da marar lafiyarsa, ya tsaya wa nasa idan ya shiga hannun hukuma, ya binne mamacinsa. Marubutan zamanin sun ruwaito yadda suke yi wa juna habaici da laƙabin ƙasa, wasan kuma yakan kai ga doke-doke.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na jami'ar Prague, a ƙasar Czech ta yau, wadda aka kafa a 1348. A can ma rukuni huɗu ne, kowanne da ƙuri'a ɗaya wajen tafiyar da jami'a: 'yan ƙasa mutanen Bohemiya, da rukunin Bavariya, da na Saksoni, da na Poland. Da yake Jamusawa ne suka fi yawa a rukunai ukun nan na baƙi, kullum 'yan ƙasa ake kayarwa, uku da ɗaya. A watan Janairun 1409 sarki Wenceslas na huɗu ya juya lissafin, ya ba 'yan ƙasa ƙuri'a uku, sauran duka su haɗu a kan ɗaya. Baƙin malamai da ɗalibai suka tattara nasu ya nasu suka fice, wasunsu suka je suka kafa jami'ar Leipzig a wannan shekarar. Prague ta daɗe ba ta dawo da martabarta ta cibiyar ilimin da ke jan mutane daga ko'ina ba. A lura, rukunan nan sun yi shekara sittin suna zaune tare. Rabon iko bisa asali shi ne ya tarwatsa su.

Duk wanda ya taɓa ganin daren jajibirin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya san jikar wannan rigima. A kira taron gaggawa a wani aji bayan an tashi karatu, a rufe ƙofa. Shugaba ya miƙe ya ce, “'Yan'uwa, bana namu ne. Mun gama magana da mutanen yanki kaza, su ba mu shugaba, mu ba su ma'aji.” Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta tambayi abin da ɗan takarar zai yi game da ruwan ɗakunan kwana, sai a yi mata caa, a ce ba lokacin wannan ba ne. Yaron nan da aka raka rajista yana zaune a gefe. An yi masa halacci, yanzu an zo karɓar bashi, kuma da wane baki zai ce ɗan takarar wancan ɓangaren ya fi cancanta? A wannan ɗaki ne matashi ke koyon cewa cancanta tana bayan asali, kuma darasin yakan fi na aji zama a kai. Idan aka yi rashin sa'a wani ɗan siyasa daga waje ya fara ɗaukar nauyin taron shekara, to shi ke nan, ƙungiyar ta sami ubangida.

To me ya hana a soke su kowa ya huta? Akwai masu wannan ra'ayi, kuma a Amurka sun fara aiwatarwa. A watan Fabrairun 2025 makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point ta rushe ƙungiyoyin ɗalibai goma sha biyu da suka shafi asali ko jinsi, bisa sabuwar manufar gwamnati. A jihar Texas kuma, dokar da ta fara aiki a farkon 2024 ta sa jami'o'in gwamnati rufe ofisoshin da ke kula da harkar bambancin al'umma, ciki har da cibiyar al'adu ta jami'ar da ke Austin. Hujjarsu ita ce haɗin kai.

Ba na jin sokewa tana haifar da haɗin kai. Ɗalibai ba za su daina neman nasu ba don an cire suna daga rajistar ofishin kula da harkokin ɗalibai. Za su koma WhatsApp, inda babu kundin tsari, babu malami mai ba da shawara, babu mai tambayar ina kuɗin da aka tara. Sannan wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ya fi buƙata. Ɗan masu rinjaye bai damu da ƙungiya ba, domin jami'ar gaba ɗaya da harshensa take magana. Ɗan tsiraru, ko wanda shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a, shi ne ke rasa madafa.

Ilimi ma ya tabbatar da nauyin wannan buƙata. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da sababbin ɗalibai a wata jami'ar Amurka. An ba su bayanan manyan ɗalibai da ke nuna cewa kusan kowa yakan ji kamar bai dace da wurin ba da farko, kuma abin yakan wuce. Wannan ɗan abu kaɗai ya ɗaga makin baƙaƙen fata cikin shekara uku, har tazarar da ke tsakaninsu da fararen fata ta ragu da kusan rabi. Abin da masanan suka shirya a ɗakin gwaji, shi ne babban ɗalibi ke yi kyauta idan ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya ce, “Kwantar da hankalinka, mu ma haka muka fara.”

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Wani bincike da Jim Sidanius da abokan aikinsa suka fitar a 2004, bayan sun bi ɗaliban jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles tsawon karatunsu, ya gano cewa shiga ƙungiyar ƙabila yana ƙarfafa alfahari da asali, amma kuma yana ƙara wa mutum jin cewa ana zaluntar mutanensa, da ganin cewa ribar wani rukuni asarar nasa ce. Sun ga irin haka ga fararen fata da ke cikin nasu ƙungiyoyin na zumunci. Wato inuwar da ke ba da sanyi, idan an daɗe a cikinta ba a leƙa waje, sai ta fara sa mutum zargin kowa.

Tarihin Afirka ma yana da misalin fuskokin biyu, duk a Landan. A 1925 Ladipo Solanke da Herbert Bankole-Bright suka jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a lokacin da masu gidajen haya da dama ba sa karɓar baƙar fata. A 1933 ta buɗe masaukinta. Ta haɗa ɗan Najeriya da ɗan Saliyo da ɗan Gambiya da ɗan ƙasar da ta zama Ghana, kuma Kwame Nkrumah na cikin waɗanda suka riƙe muƙami a cikinta. Shekara ashirin bayan kafa ta, a 1945, Obafemi Awolowo da wasu suka kafa Egbe Omo Oduduwa a birnin, ƙungiyar al'adun Yarabawa, wadda daga jikinta jam'iyyar Action Group ta fito a 1951. Ba laifin kowa nake gani ba, zamanin ya zo da dalilansa. Abin lura dai shi ne tazarar da ke tsakanin ƙungiyar al'ada da jam'iyyar siyasa ba ta da yawa, kuma wanda ya ce “mu ba ruwanmu da siyasa” ya kamata a duba hannunsa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yawancin waɗannan ƙungiyoyi, wanda ba a cika magana a kai ba. Sunansu na al'ada ne, amma al'adar ta tsaya a rana ɗaya cikin shekara: a yi ado, a yi rawa, a ɗauki hoto, a watse. Ina ajin koyar da rubutun harshen? Ina masu naɗar hirar tsofaffi kafin su ƙare, ko masu fassara darussan kimiyya don ƙannensu na sakandare? Mafi muni, ɗalibin da ya tashi a wata ƙasa ko wani birni, ko wanda iyayensa ƙabila biyu ne, idan ya zo da harshensa mai gargada sai a yi masa dariya, a ce ba cikakke ba ne. Shi ne fa ya fi kowa buƙatar ƙungiyar, amma shi ake fara kora da ido.

Suwidin ta nuna cewa ana iya gyara tsohon tsari ba tare da an rushe shi ba. Jami'ar Uppsala tana da irin waɗannan ƙungiyoyi goma sha uku, masu sunayen larduna da biranen ƙasar, tushensu tun ƙarni na 17. A da wajibi ne ɗalibi ya shiga ɗaya, sai a 2010 aka cire tilas. Ba su mutu ba, domin suna da abin bayarwa: gidajen kwana, ɗakunan karatu, tallafin kuɗi, ƙungiyoyin waƙa da wasanni. A yau galibi ɗalibi yana zaɓar wadda ta kwanta masa ne, ko daga wace nahiya ya fito. Sunan lardi ya zauna, shingen ya faɗi.

Abin da nake ganin ya kamata hukumomin jami'a su yi bai da wuya. A yi wa ƙungiyoyin rajista, a ba su ɗakin taro, da sharaɗin ƙofarsu a buɗe take ga duk ɗalibin da ke son shiga ko koyo. A sa su bayyana daga ina kuɗinsu ke zuwa, musamman na waje. A hana su tsayar da ɗan takara da sunan ƙungiya a zaɓen ɗalibai, kada kuma hukumar da kanta ta riƙa raba kujeru ko ɗakunan kwana ta hannun shugabanninsu, domin wannan shi ne kuskuren Prague da sabon tufafi. Na san doka ba za ta hana raɗa a bayan aji ba. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ake yi a ɓoye ana jin kunya da abin da jami'a ta sa wa hannu. Idan kuma akwai ɗan tallafin da za a raba, a fifita shirin da ƙungiyoyi biyu ko uku suka haɗu suka tsara, kamar darasin share fage ga sababbin ɗalibai kafin jarrabawar zangon farko, a kan bikin da kowa zai yi shi kaɗai.