Ranar da na yi wa abokan gaba kwatance

Maki kaɗan suka rage min in haye daga matakin Diamond zuwa na Crown a PUBG Mobile, wasan harbe-harbe na waya. Mu huɗu ne a tawaga: ni a Tudun Wada, biyu a Samaru, sai ƙanena a Gyallesu. Muna da doka: idan aka ci mu sau biyu a jere, kowa ya ajiye waya minti 15, ya sha ruwa, ita ma wayar ta huce. Ni na kafa dokar, ni kuma na fara taka ta.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. A wasan matsayi, wanda ya mutu da wuri shi ake yi wa babban yanka a maki, mai fushi kuwa ba ya iya sauka a gefen taswira ya tattara kaya a natse. Cikin mutum 100, shi sai Pochinki, wani gari a tsakiyar taswirar, inda ake rabon mutuwa tun kafin lema ta gama naɗewa. Can na ja su a karo na uku.

Ga waya a jikin caji ta yi zafi kamar kaskon masa. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu, hoto ya riƙa tsinkewa. Ping ɗina, wato jinkirin intanet, da ya saba zama wajen 130 ya yi tsalle ya koma 460. Na ga mutum, na juye masa harsashi 30 na bindigar AKM, ashe bango nake ta harbi, shi ya daɗe da barin wurin.

"Yaya, mu ja baya, da'irar ta fara matsowa," in ji ƙanena, yana nufin da'irar da ke rage filin wasa, tana cin jinin wanda ke wajenta.

Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Na zare gurneti na wurga ta taga, ta bugi bakin tagar ta dawo mana. Gurneti kuwa ba ta san ɗan uwa ba: 'yan Samaru biyu suka zube suna rarrafe. Tayar da mutum ɗaya daƙiƙa 10 ne, idan an yi shiru an jefa hayaƙi. Ni ban jefa hayaƙi ba, sai na buɗe baki.

"Ku taso mana! Muna saman bene, gida mai jan rufi kusa da coci, harsashina ya ƙare, jinina saura kaɗan!"

Wajen laluben maɓalli da yatsa mai gumi, ashe na mayar da makirfo daga na tawaga zuwa na kowa, wanda duk mai kusa yake ji. Sai wata murya ta amsa a natse, da Hausa tsantsa:

"To malam, mun gode da kwatance. Ga mu nan tafe."

Har sallama ya yi a bakin matakala. Bai ma ɓata harsashi a kaina ba, da kwanon suya ya gama da ni.

Maki suka zube, na ɗa'a ma aka rage saboda gurnetin, shi kuwa makin ɗa'a in ya yi ƙasa da 60 sai dai mutum ya buga shi kaɗai. Washegari na tarar tawagar ta yi zama ba tare da ni ba. An ƙara hutun zuwa minti 30, an kuma naɗa ƙanena mai kula da makirfona.