Na biya naira 35,000 aka kulle ni da iyalina, aka kuma ce ba mu da tunani

Tun shekaranjiya uwargida take ce min in bar wa Allah. Na bar masa, amma sai na faɗa. Ni da hankalina, da furfurar da ta cika min gemu, na kwashi mata da 'ya'ya uku na kai su inda za a garƙame mu a ɗaki, kuma ni na biya kuɗin garƙamewar da hannuna. A Kaduna fa! Garin da in aka ce an tsare wani a wani wuri sai dangi su fara karo-karon kuɗin fansa.

Babbar 'yata ce ta jawo mana. Tun cikin azumi take bi na da waya tana nuna min bidiyo a Instagram, wai an buɗe wani sabon wuri a cikin gari, sunan wasan eskef rum. Za a sa ku a ɗaki, a ba ku minti 60, ku bi alamu, ku warware kacici-kacici, ku yi ta buɗe kwaɗo bayan kwaɗo har ku fito. Ta ce a Japan aka fara shi wajen 2007, yanzu ya game duniya. A bidiyon ga fitilu masu launi, ga yara suna tsalle suna ihun murna. Na ce mu tafi Zariya kallon hawan Daushe kamar bara, suka ce sun gaji da kallon dawaki, uwarsu kuma ta ce ba ta son dare ya yi mana a hanya. Aka fi ni yawa. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo.

Kwana uku da Sallah, bayan Azahar, rana tana dukan ƙeya, muka isa. Naira 7,000 kowane kai, har da autan da bai cika shekara bakwai ba. Mu biyar, 35,000. Rabin mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 ke nan, a sa'a guda. Na haɗiye yawu, na tuna sau ɗaya ake Sallah ƙarama a shekara, na yi tiransifa. Aka ce alat bai shigo ba. Muka tsaya. Aka ce har yanzu bai shigo ba, kuma ba a shiga sai an ga kuɗi. Wayata ma tana nuna abin bai tafi ba, sai na miƙa kati aka cira a POS, har da wani caji a kai wanda ban tambayi dalilinsa ba don kada yara su ga ubansu yana ciniki.

Aka karɓe mana wayoyi aka sa a wata loka, wai don kada mu yi satar amsa. Aka ba mu oba-oba guda ɗaya, aka ce in mun maƙale mu danna mu nemi taimako. Aka tura mu ɗaki, muka ji ƙarar makulli sau biyu ta waje.

Sunan ɗakin wai taskar sarki. Wane sarki ne wannan, Allah kaɗai ya sani. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, tsohuwar darduma mai warin ruwa, ƙoƙon kan roba a kan teburi, wasu takardu da aka manna a bango da salatif har sun fara ɓanɓarowa. Taga babu. Na'urar sanyaya ɗaki tana manne a bango don ado, fanka ɗaya ce take juya iskar zafi. Duk da haka yaran suka duƙufa, kuma gaskiya na ji daɗin ganinsu. Yarinyar ta gano wani rubutu a ƙarƙashin darduma, ƙaninta ya haɗa wasu haruffa, tambaya ta fito: wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa? Ko autan ya kusa sanin wannan. Muka juya lambobin kwaɗon zuwa 1914. Ya ƙi. Muka sake. Ya ƙi. Na karɓa na gwada da kaina, na ja, na girgiza, na hura masa iska. Na gwada 1960, na gwada 1963, har 1917 da aka dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru na gwada, ko wanda ya tsara tambayar ya rikice. Kwaɗo ya ce bai san zancen ba. Na danna oba-oba. Shiru. Batirinsa ya mutu, wataƙila tun Sallar bara.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Duhu irin wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Fanka ta tsaya. Wayoyinmu, da za mu haska da su, suna can cikin loka suna hutawa. Auta ya fashe da kuka ya ƙanƙame ƙafata, uwarsu ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ni kuma ina buga ƙofa da tafin hannu ina sallama kamar almajiri. Da farko na yi zaton cikin wasan ne. Can sai wata murya daga waje ta ce mu yi haƙuri, janareta babu mai, an aiki yaro da jarka. Na ce to a buɗe mana mu sha iska. Ta ce ai makullin yana aljihun yaron da aka aika.

Minti ashirin da biyar muka yi a haka, agogon hannuna ne shaida da muka fito. Daga baya na karanta cewa a watan Janairun 2019, a garin Koszalin na ƙasar Foland, 'yan mata biyar masu shekara 15 sun mutu a irin wannan ɗaki da gobara ta tashi, ƙofa a kulle, sun je bikin zagayowar haihuwar ɗayarsu. Bayan haka hukumomin ƙasar suka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, suka rufe waɗanda ba su da hanyar fita ta gaggawa. A inda rai yake da daraja, ƙofar wasan nan tana da madannin da kowa zai taɓa ya fita. Mu nan makullin ranmu yana layin gidan mai.

Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Da an ce min "Baba, ka yi haƙuri, mun yi kuskure," wallahi da na kwashi 'ya'yana mun tafi. Ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne.

Da muka fito, rigar Sallata ta manne a bayana, na nemi manaja. Aka nuna min wani matashi da bai wuce sa'ar ɗan ƙanina ba, zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin sauraro toshe a kunnuwansa biyu, yana taunar cingam. Na ce, "Salamu alaikum, samari, sannu da aiki." Yatsansa bai daina shafa waya ba. Na matsa, na ce, "Ɗana, da kai nake." Ya ɗago a hankali, ya zare na kunne ɗaya, ɗayan ya bar shi, don kada maganata ta katse masa waƙa gaba ɗaya.

"Eh, Baba, lafiya?"

Lafiya! Ga yaro yana sheshsheƙa, ga mace tana fifita da mayafi, yana tambayata lafiya. Na danne, na yi masa bayani tiryan-tiryan: kwaɗo, oba-oba, duhu, makulli. Na ce ba rigima na zo yi ba, ko dai a bar yaran su sake wasan tunda wuta ta dawo, ko a mayar min da wani abu.

Ya kalli agogon bango. "Ai lokacinku ya cika, Baba."

"Wane lokaci?"

"Minti sittin. Agogonmu ba ya tsayawa."

Na ce rabin lokacin a duhu muka yi shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce wutar ba shi ya ɗauke ba. Sannan, ba tare da ya tashi ba, ya nuna min da leɓe wata takarda a bayansa mai rubutun Turanci, wai ba a mayar da kuɗi. Da leɓe fa. Hannun yana da aiki.

Na ce to kwaɗon fa, shi ma gwamnati ce ta lalata shi? Nan ya yi wani murmushi da har yanzu in na rufe ido nake ganinsa, ya dubi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ka san Baba, wasan nan na tunani ne. Ba kowa ke iyawa ba. Yawancin kwastomominmu 'yan Abuja ne."

Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a sakandare. Yaran da na koyar wasu likitoci ne yanzu, wasu injiniyoyi. Yau ga wani da bai iya amsa sallama ba yana gaya min a gaban matata ba ni da tunanin juya lamba huɗu. Na ga idon 'yata ya ciko, ita da take ta karatun jarrabawar fita dare da rana. Uwargida ta ja min hannun riga ta ce, "Abbansu, mu tafi." Na ce ba inda za ni sai mai tunani ya nuna mana yadda ake yi.

Ya tashi da ƙyar, yana jan silifa. Muka bi shi ɗakin. Ya durƙusa gaban akwatin, ya juya 1, 9, 1, 4, lambobin da muka sa tun farko. Ya ja. Ya ƙi. Ya sake ja. Ya buga shi da gefen hannu, ya yi tsaki, ya hura masa iska kamar yadda na yi. Kowa ya yi shiru, auta ma ya daina kuka yana kallo. Na ce a raina yanzu kunya za ta kama shi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Da safe lafiyarsa ƙalau. Wataƙila yaranka ne suka ɓata shi. In haka ne akwai tarar dubu biyar."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba. Kafin mu kai ƙofa kuma yarinyar da ta karɓi wayoyinmu ta tare mu da wani allo, wai al'adar wurin ce duk wanda bai fito da kansa ba ya riƙe a ɗauke shi hoto don shafinsu. Na tambayi abin da aka rubuta a jiki duk da na karanta. Ta ce, wai "mun kasa."

Ni fa ban ga laifin yaron nan shi kaɗai ba, haka ya tarar da ƙasar. Ina ya taɓa ganin an ba wani haƙuri? A asibiti ka biya kuɗin kati a daka maka tsawa. A banki kuɗinka ne amma kai ne mai roƙo. Ka je karɓar fasfo ko katin ɗan ƙasa, wanda ke bayan teburi yana kallonka kamar ka zo cin bashi. Duk wanda ya samu kujera da ɗan makulli a hannu, ko na banɗaki ne, ya zama hakimi. Kuma mu ne dai. In aka juya aka ba mu kujerar haka za mu yi, don wanda aka wulaƙanta da safe yana neman wanda zai huce a kansa da yamma.

Su kuma na sama, wa ya taɓa zuwa ya duba wurin nan kafin a buɗe shi? Masu karɓar haraji na tabbata sun san hanyarsa, ba sa ɓata. Amma wanda zai tambaya ina ƙofar gaggawa, ina abin kashe gobara, shi sai bayan an yi jana'iza zai fito, a kafa kwamiti. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000, aka ce mu yi haƙuri. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga waɗanda aka ce za su riƙa samun awa 20 a rana, aka ce mu yi haƙuri. A Oktoban shekarar Arewa ta kwana fiye da mako a duhu, masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna suna kallon juna, aka ce mu yi haƙuri. Su ne ke cewa mu yi, ba su taɓa ba mu shi ba.

Mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, lokacin da in aka busa jiniyar tashi kekuna ke cika titi. Da albashinsa na lebura yake kai mu Ƙofar Gamji ranar Sallah, mu hau gadar Lugga, mu tsaya kallon kogi, a saya mana rake da alewa, mu dawo gida muna ba da labari har mako. Masaƙun nan sun yi shiru, jikokin ma'aikatansu suna zaune bayan kanta da digiri suna taunar cingam a kan albashin da bai kai kuɗin motarsu ba. Ka ce za ka fitar da yara bayan gari, ka nuna musu ruwan Matsirga a Kafanchan, sai ka tuna jirgin ƙasan da aka tare a Maris ɗin 2022, ka tuna 'yan makarantar Kuriga da aka sace, ka ce a'a, gara cikin gari. Cikin garin kuma ga abin da ya rage mana: ɗaki marar taga da kwaɗo mai tsatsa.

Ba mu riƙe allon ba. Hanyar gida ba wanda ya yi magana sai 'yata da ta ce, "Abba, ka yi haƙuri, ni na sa." Ita kaɗai ce ta ba ni haƙuri a duk yinin, ita da ba ta yi komai ba.

Bayan sallar Isha'i wayata ta yi ƙara. Alat ne. Tiransifar farko, wadda aka ce ba ta shiga ba, ta tafi. Wato 70,000 cif ban da cajin POS, albashin wani na wata guda. Na kira lambar wurin sau huɗu, a na biyar aka ɗauka, aka ce manaja ya tashi, kuma su ba su ga komai ba, in je bankina. Ranar Litinin ina da layi.