Dolo da Maganaɗisu

Malam ya ajiye wayar tagulla da aka naɗe kamar bututu, naɗi 200, ya haɗa bakinta biyu da mitar auna wutar lantarki, sannan ya miƙa wa Dolo sandar maganaɗisu.

Malam: Zura shi cikin naɗin nan, idonka a kan allurar mita.

Dolo: Kai! Ta yi dama! Wallahi Malam ban taɓa ta ba.

Malam: To bar shi a ciki, kar ka motsa.

Dolo: Ta koma sifili. Mitar nan ta lalace, kuma kai shaida ne ba a hannuna ba.

Malam: Lafiyarta ƙalau. Zaro shi.

Dolo: Yanzu kuma ta yi hagu! Wannan allura ai munafuka ce.

Malam: Abin da Michael Faraday ya gani ke nan a Landan a 1831. Wayar ba ruwanta da zaman maganaɗisu a cikinta. Sai ƙarfinsa da ke ratsa naɗin yana canzawa, yana ƙaruwa ko yana raguwa, sannan wuta ke samuwa. Ka ninka sauri, ƙarfin wutar ya ninku. Ka mai da naɗin 400, haka nan ya ninku.

Dolo: Ranka ya daɗe, na samo dabara. A kawo maganaɗisu ƙato, a cusa, in je in kwanta. Wuta kyauta har gobe.

Malam: Ko girman giwa ne, in dai yana zaune, sifili za ka gani. Me kake tsammani ya sa janareta ke juyawa? Shi ya sa kuma taransifoma ba ta aiki da wutar batir, don wutar batir ba ta kai da komowa.

Dolo: To me ya hana wayar ta taimaka, ta rinƙa jawo shi da kanta?

Malam: A nan ne ta yi kama da kai. Wani masanin kimiyya mai suna Lenz ya bayyana a 1834 cewa wutar da ta taso gardama take yi da canjin da ya haife ta. Ka tura maganaɗisu, naɗin ya ture shi. Ka ja, ya riƙe. Wahalar hannunka ce ke komawa wuta.

Dolo: Ashe gumina nake kallo a mita. (Ya yi shiru.) Malam, in maganaɗisun ya tsaya cak, wayar ce ke motsi fa?

Malam: Duk ɗaya ne! Kai, yau ka yi tambayar masu hankali.

Dolo: Ban yarda ba sai na gani. Ni na riƙe maganaɗisun, kai ɗauki naɗin.

Malam ya ɗauka, yana turawa yana ja, allura na rawa.

Dolo: Ƙara sauri, Malam. Ba ta kai inda na kai ta ɗazu ba.