Hayaƙin Nowe da hayaƙin Haɗeja

Daren Alhamis shi ne daren baƙi a Jidda, tunda Juma'a da Asabar ne ranakun hutu. A irin wannan yammacin 'yar farina ta same ni a kicin ina jiƙa banda a ruwan zafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu. "Umma, don Allah ki bar miyar nan sai gobe. Abokan aikina za su zo bayan isha'i, kin san warin yakan kama labule." Cikin ladabi ta faɗa, da Hausarta ta 'yan Jidda wadda rabinta Larabci ne. Na ce to. Na tsane kifina na zuba a roba, na rufe, na tura shi can ƙasan firji. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da ta zaro daga ledar kanti bayan nan. Shi ma kifi ne. Shi ma, in ji ta, hayaƙi aka ba shi.

Salmon ake ce masa. Na yi tambaya a kansa sosai, don ba na son in kushe abin da ban sani ba. Ba kifin Bahar Maliya ba ne, ruwan nan ya yi masa ɗumi. Kifin ƙasashen sanyi ne, a kogi yake ƙyanƙyashewa, ya gangara teku ya girma, in lokacin ƙwai ya yi ya komo kogin da ya fito. Amma wanda ake jerawa a manyan kantunan nan, irin su Danube da Tamimi da Carrefour, yawancinsa na kiwo ne, a manyan kejin raga da ake kafawa a cikin teku. Ƙasar Nowe da ke can ƙuryar arewacin Turai ita ce kan gaba a duniya wajen kiwonsa, tun wajen 1970 suka fara, sai ƙasar Cile ta Kudancin Amurka ke biye mata. Launin nan nasa mai ɗaukar ido, tsakanin ja da ruwan lemo, wanda ya tashi a teku yana samunsa ne daga ƙananan jatan landen da yake ci. Na kiwo kuwa a cikin abincinsa ake zuba masa sinadarin.

Sai maganar hayaƙin. Za a tsaga kifin gida biyu, a zare ƙaya, a binne tsokar cikin gishiri, wasu har da ɗan sukari, ta kwana ko ta wuni. A wanke, a bar ta ta sha iska, sannan a jera a ɗakin da hayaƙi ke shigowa daga nesa bayan ya huce. Zafin ɗakin ba ya wuce digiri 30. Ku da ba ku san Jidda ba, titin ƙofar gidanmu ya fi wannan zafi tun da hantsi a yawancin watannin shekara. Wuta dai ba ta taɓa kifin nan ba, ɗanye ne da ya sha gishiri aka turara shi. Shi ya sa ba ya rabuwa da firji tun daga can har cikin gidanka, shi ya sa kuma hukumomin lafiya a Ingila suke ba masu juna biyu shawarar su ƙyale shi sai in an dafa. A 'yar leda shimfiɗaɗɗiya yake zuwa, giram 100, an yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, an kwantar a kan kwali mai ruwan zinare. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, kada a ce ina tona wa 'yata asiri.

Na ja kujera na zauna ina kallon ikon Allah. Ta ɗauko kokwamba dogaye, irin na rumfar leda da ake nomawa a nan, masu santsi marasa 'ya'ya da yawa. Ta fere su layi-layi, nan kore nan fari, don ado kawai. Ta yanka ƙwaya-ƙwaya, kauri bai kai na ɗan yatsa ba, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta bari suka tsatso ruwa, ta bi kowanne da tishu tana dannawa. In ba a yi haka ba, in ji ta, kafin baƙi su zo farantin ya zama tafki. Ta zuba farin cuku mai laushi na Philadelphia a kwano, ta matsa lemon tsami, ta sa masoro, ta yayyanka wani ganye mai gashi-gashi da Larabawa ke kira shabat, ta juya. Ta ɗura haɗin a leda, ta datse kusurwarta da almakashi, ta bi kan kowace ƙwayar kokwamba tana matso ɗan tsibi. Sannan ta ɗauki kifin da yatsu biyu, ta yage shi tsiri-tsiri, ta naɗe kowanne ya yi siffar fure, ta dasa a kan cukun, ta ɗora ɗan reshen ganyen nan a sama. Leɓenta a cije, numfashi ma a hankali take yi. Tun tana ƙarama ban taɓa ganin ta ba tuƙin tuwo rabin wannan natsuwar ba.

Da ta gama sai ta bi da yatsa tana ƙirgawa. Na ce, "Ke, me kike lissafi?" Ta ce, "Mu 6 ne, Umma, uku-uku, 18 ke nan. Na ƙara biyu ko wani zai kife." Ta rufe da leda ta sa a firji, a saman robar bandata.

Baƙin suka zo a kan lokaci, 'yan mata masu hankali, ba ni da abin cewa a kansu: 'yan ƙasa biyu, 'yar Masar, 'yar Sudan, da wata 'yar Filifin. Aka zuba gahawa mai ruwan ɗorawa da ƙamshin hel a ƙananan finjalai, aka miƙa dabino. Da farantin ya fito kowa ta zaro waya. Sai da aka ɗauki hoto ta sama, aka ɗauka ta gefe, aka gyara fitila, tukuna hannu ya kai. Kowa ta ɗauki ɗaya, ta tara tishu a ƙarƙashin haɓa, loma guda an gama. Ɗaya daga cikin 'yan ƙasar ta juyo ta ce mini, "Allah ya yi wa hannunki albarka, ya khala," a zatonta ni na yi. Na ce amin.

Don kada a ce na yi son kai: na ci ɗaya daga cikin biyun da suka rage, kuma da daɗi. Sanyin kokwamba da gardinta, gishirin kifin, ɗan tsamin cukun, sun dace da juna. Ba maiƙo, ba nauyi, mai ciwon suga zai ci hankali kwance, ga shi ciwon ya yi yawa a ƙasar nan. Na kuma san ɗaya gefen. Na halarci walimar Larabawa inda ake ɗora rago guda a kan tulin shinkafa, mufaɗɗah, a ci kusurwa ɗaya a tashi, a kwashe saura. Mu ma a gida ba mu tsira daga almubazzaranci a biki ba. Wanda ya ce a auna abinci yana da hujja a addini ma.

Amma wannan ba karɓar baƙo ba ne, ko da wa za a yi gardamar. Nuni ne. Abinci ne da aka yi shi don ido da waya, ciki ya biyo baya in ya samu. Ba ma al'adar mutanen Hijaz ba ce. Su mutanen sayadiyya ne da salig da mandi, mutanen da za su je kasuwar Bangala da asuba su zaɓo najil ko hamur da aka fito da shi daga teku a daren. Garin da ke kwance a bakin teku, ga kifi yana motsi a kan tebur, a ce abin burgewa shi ne wanda aka yi wa tikitin jirgi daga Turai. Daga Instagram da Snapchat yaran nan suka kwaso shi, musamman tun da ƙasar ta buɗe: 2018 aka dawo da silima, mata suka fara tuƙi, gidajen abinci na ƙasashen duniya suka cika titin Tahliya da bakin Kornish. Ban ce buɗewar laifi ba ce, 'yata da motarta take zuwa aiki, ni ma ita ke kai ni asibiti.

Ba sai na gaya wa ɗan Haɗeja ko ɗan Nguru yadda ake banda ba. Tambayata ɗaya ce: a cikin kifayen nan biyu, wanne ne gwanin? Wanda in wuta ta ɗauke wuni guda sai bola, ko wanda zai yi watanni a kwali, ya hau mota daga Haɗeja ko Baga har Anaca, bai san firji ba? Tarwaɗa ɗaya ta banda, in ta faɗa miyar kuka da daddawa, gida guda za ta ciyar har da almajirin da ya yi sallama. Wannan ilimi ne, iyayenmu suka gano shi ba tare da ma'aunin zafi ba. Ga shi yanzu kifin ma neman gagara yake: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, can Baga kuma rikici ya tarwatsa masunta. Ƙullin da nake da shi wata 'yar Umra ce ta kawo mini, ina ɓantara kaɗan-kaɗan. Shi aka ce in ɓoye.

In wari ne, mutanen Nowe ɗin nan su ne masu busasshen kifin nan mai tauri da ake shigowa da shi Najeriya, wanda Inyamurai ba sa miya sai da shi. Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da shi a kasuwar Sabon Gari ya san hancinsa ya ji. Ban ji an ce sun ɓoye shi a ƙasan firji ba, a kwantena suke loda shi suna karɓar kuɗi. Kuma a nan ɗin ma, je ka Makka wajen Shara Mansur, ko unguwannin Jidda na kudu da daddare, ka ga 'yan ƙasa da fararen riguna sun yi layi a gaban mai tsire, suna cewa a ƙara yaji. Kakannin da suka tako a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka tsallako ta Sawakin, su suka kawo shi, kuma ba su nemi afuwar kowa a kan hayaƙinsa ba. Sai 'ya'yanmu da aka haifa a asibitin zamani ne suke jin nauyin ƙamshin tukunyar uwarsu. Yarinyar nan a nan aka yanke mata cibi, amma har gobe da iƙama, wato takardar izinin zama, take zaune, ranar da aiki ya ƙare jirgi za ta hau. Wa take yi wa kara?

Ƙirgen nan ne dai ya fi komai ci mini rai. Uku-uku. Da a ce a daren nan wata maƙwabciya ta ƙwanƙwasa da 'ya'yanta biyu, da lissafi ya rushe. Amma ba mai ƙwanƙwasawa. A benen da muke, a arewacin gari, sai an turo saƙon WhatsApp, an tsayar da rana da sa'a. Wanda ke ƙofa da ƙofa da mu, a lifta kawai muke gaisawa. A da in na matsu nakan sa a kai ni unguwar Karantina ko Sabil wajen tsofaffin Takari, inda sallama ce katin shiga, kana zama a turo maka kwano ba a tambayi ko ka ci ba. Gidajen ƙuntatattu ne, daga baya ma rusau ya tashe su, jama'a sun watse, amma a can ne nake jin ni mutum ce.

Da ina lallashin kaina da cewa wannan duk ciwon zaman waje ne, ranar da muka tattara muka koma gida shi ke nan. Sai aka yi bikin 'yar ƙanwata a Kano, a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron nan na haya. Ban samu zuwa ba, a waya na bi shi. Ga ƙananan faranti ana zagayawa da su, samosa biyu da cincin da tsinken nama ɗaya, an ɗaure da leda. Ga ƙarti a bakin ƙofa suna duba kati. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage mana a wannan layin, ta taso tun daga Haɗeja da asuba da bokitin alkakin da ta kwana uku tana yi wa amarya. Ba ta da kati, ba wanda ya tuna ya aika mata. Ta ce musu ita kakar amarya ce, suka ce kowa ma haka yake cewa. Wayar uwar biki tana jaka, kiɗa ya hana a ji. Ta tsaya har la'asar ta yi sanyi, ta ba wani yaro bokitin ya shigar, ta hau a-daidaita-sahu zuwa tashar 'Yankaba.

Washegari na kira ƙanwar tawa, raina a ɓace, na ce yanzu Gwaggo ce za a mayar daga bakin ƙofa? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ke ba kya nan ne. Kujera 300 muka biya."