Wai Mata Ne Suka Kashe Firamare

Wani ɗan ajinmu da Allah Ya ɗaga, wanda yanzu ko gaisuwa sai ya gyara zaman hula yake amsawa, ya fito jiya yana cewa wai tun da aka cika firamare da malamai mata ilimi ya mutu, wai mace ba ta iya riƙe aji. Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Mu 'yan UPE ne, wato shirin ilimin firamare ga kowa, waɗanda aka kwasa a 1976, zamanin Obasanjo, aka zuba a makaranta, wasunmu a gindin darbejiya. Malamarmu ta aji uku daga kwalejin horon malamai mata ta fito. Ranar Litinin ta bi layi tana duba farce, gefen rula na hannunta. Ka makara, tsallen kwaɗo tun daga bakin ƙofa. Malamai maza sai sun ɗaga dorina a yi tsit, ita ko kallo ɗaya ya isa. Hedimasta ma rage murya yake in zai wuce tagarta.

To akwai wani yaro da bakwai sau takwas ta gagara. Kullum sai ya tsaya yana hawaye da majina. In an tashi tara mu ruga wajen mai ƙosai, shi kuwa ta zaunar da shi, ta jera ƙwallayen dabino bakwai-bakwai a kan benci, ta raba ƙosanta biyu ta ba shi rabi. Zango guda cur ana haka. Hannun nan da yake sa wa a takardun kwangila yau, ita ta riƙe shi ta koya masa kama fensir.

Ko tarihi ma bai taimake shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rasu a 1864, jajojinta, wato malamai matan da ta horar, da malfa a ka suke shiga ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru. Kuma mazan da albashi ya kora daga aji suka koma siyasa, wa ya tsaya da allin da suka yar?

Malama tana nan da ranta, ido ya yi rauni, tana jiran kuɗin sallamarta. Da Sallah na je gaishe ta, ta tambaye ni ɗanta mai sau bakwai. Na ce mata yana lafiya, ya zama masanin ilimi a Facebook.