Lomar da ake ƙirgawa

Ranar Asabar wata abokiyar aikina ta gayyace ni cin abincin dare a gidanta, nan birnin Dijon, a Faransa. Ƙarfe 7 na isa, ko abincin rana ban ci ba, don a wurinmu in an kira ka ci, da ciki ake zuwa.

Aka zaunar da mu a falo, aka kawo tire. Ga wasu 'yan dunƙule kamar ƙosai, amma gasassu, cikinsu holoƙo. Gujer suke ce musu, abin alfaharin wannan yanki na Burgundi: fulawa da man shanu da ƙwai da cuku. Ga burodi an yanka fale-fale, an shafa masa tapenad, wato zaitun da aka daka da ƙananan kifi mai gishiri, irin na Furobans a kudu. Ga 'yan kofunan gilashi, tsawon yatsa, da miyar kabewa cokali biyu a ciki. A manyan gidajen abinci amuz-bush ake kiran irin wannan, abin wasa da baki. Ba ka oda, ba a sa maka kuɗinsa, mai girki ne ke aiko da shi don ka san hannunsa. Tun shekarun 1970 abin ya samu gindin zama.

Na ɗauki gujer na huɗu, sai mijinta ya yi murmushi ya ce, "Ki bar wa abinci wuri." Wallahi lomar a maƙogwaro ta tsaya mini. Ashe ana ƙirgawa.

Ba zan yi musu ƙarya ba, abin da daɗi, kuma matar ta wuni a kansa. Shimfiɗar fuska ma sun yi. Amma baƙo da yunwa a riƙe shi da hira awa ɗaya da rabi? Mu ruwa ne, sai kwano. Wa ya taɓa duba hannun baƙo, in ba don a ce ya ƙara ba?

Shekarata 6 rabona da Damagaram. Inna in ta dama fura, ƙwaryar gaba ɗaya take turo mini, ta zauna tana harara har sai na kusa ganin gindinta. A motar komawa na kira ta, dare ya yi, ba ta ɗauka ba. Da asuba ta kira, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kin ci abinci kuwa?"