"Yana ɗaki yana danna waya"

Mu iyaye, tsoronmu kullum a waje yake. Kada yaro ya bi 'yan daba, kada ya kai dare a majalisa, kada yarinya ta tsaya zance da wanda ba a san asalinsa ba. Idan aka tambayi uwa ina wane, ta ce "yana ɗaki yana danna waya", sai hankalin kowa ya kwanta. Ni kam wannan amsa ta daina kwantar mini da hankali.

A watan Janairun 2021, a birnin Palermo na Italiya, an tarar da wata yarinya 'yar shekara 10 a banɗakin gidansu ba ta numfashi, ta rasu a asibiti. An danganta abin da gasar da ake kira Blackout Challenge, inda yaro ke hana kansa numfashi har ya suma don ya ɗauki bidiyo ya ɗora a manhajar TikTok. Hukumomin ƙasar suka tilasta wa TikTok toshe duk wanda ba a tabbatar da shekarunsa ba. Kafin shekarar ta ƙare, wata 'yar shekara 10 a jihar Pennsylvania ta Amurka ta rasu ta wannan hanyar, a cikin gidansu. Mahaifiyarta ta kai kamfanin ƙara, kuma a watan Agustan 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a ci gaba da shari'ar, saboda manhajar ce da kanta ta zaɓo bidiyon ta ajiye a gaban yarinyar.

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Yarinyar ba nema ta je yi ba, kawo mata aka yi. Ɗan malam da ɗan da ba a tsawata wa, waya ba ta bambanta su.

Kuma kayan aikin duk a gidajenmu suke. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan gasar shan ƙwayar Benadryl, maganin ƙaiƙayi da atishawa, fiye da ƙima, amma a Afrilun 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Ohio ya mutu a kanta, abokansa na ɗaukar sa a waya. A wannan shekarar dai wata 'yar shekara 13 a Ostireliya ta rasu bayan ta shaƙi turaren feshi na hammata. Wanda zai ce wannan abin Turawa ne, ya tuna da sholisho, ya tuna yadda kodin ya yi wa matasanmu har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Abin da waya ta ƙara shi ne 'yan kallo. Da can tsara biyar ne za su ce maka matsoraci, yanzu dubbai ne ke jiran su tafa maka.

Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, ta abokinsa tana nan a hanyar islamiyya. Magana ce za ta yi aiki, kuma nan ne muke da rauni. Da yawanmu kunyar ɗan fari ta hana mu zama da shi, wasu kuma ba ma buɗe baki sai za mu yi faɗa. To idan ba za ka iya ba, ka sa kawunsa ko goggonsa ko yayansa. A gaya masa ƙarara cewa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan ta rasa iska, kuma wanda ya suma shi kaɗai a ɗaki ba shi da mai kwance shi. Idan kin ga tabo a wuyan ɗanki, ko jajayen idanu, ko yawan ciwon kai, ki tambaya tun a ranar.

Ƙa'idar TikTok shekara 13 ce, amma mu ne muke miƙa wa 'yan shekara 8 wayoyinmu don su bar mu mu huta. Akwai tsarin Family Pairing da ke haɗa wayarka da ta ɗanka, ka iyakance masa lokaci da abin da zai gani. A gidana yanzu, bayan sallar isha'i duk wayoyi a ɗakina suke kwana.

Jiya na zaunar da 'yata, na ce, "Mamana, wace gasa ake yayi yanzu?" Ta yi shiru tana duban fuskata ko faɗa zan yi. Da ta ga ba faɗa ba ne, ta lissafo mini guda uku, ta ce ɗaya wata 'yar ajinsu ta riga ta gwada. Yau da safe na kira mahaifiyar yarinyar.